A Bar Yaro Ya Taɓa Waya Da Hannunsa

Ga jawabin da wani malamin kimiyya ya yi wa taron 'yan kasuwa da iyayen yara a Birnin Gwari. Mun buga shi duka, don wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Na sani barin rumfa ranar kasuwa ba ƙaramin abu ba ne, sabo da haka ba zan ja ku da nisa ba.

Maganata a kan wutar lantarki ce, da yadda a ke koya wa 'ya'yanmu ita a makarantun sakandare, cikin darasin da a ke kira fiziks. Watakila wani zai ce, to, ina ruwanmu, mu da ba mu yi boko ba? Sai in ce masa ya laluba aljihunsa. Wayar hannun da ya ke tambayar farashin masara a Funtuwa da ita, lantarki ke tafiyar da ita. Tocilar da ya ke duba awakinsa da dare, lantarki ce. Mai cajin waya, da mai walda, da mai sayar da ruwan sanyi, da mai allon sola a kan rufin shago, duk daga wutar nan su ke cin abinci. Abin da ya shiga aljihunka, ya shiga ɗakinka, ya kuma iya ƙone maka rumfa cikin dare ɗaya, ai ya zama tilas ɗanka ya san kansa.

KARATU BA HANNU

Ga yadda abin ya ke a makarantu da yawa na 'ya'yan talakawa. Malam zai tsaya gaban allo da alli, ya zana dogon layi da gajere, ya ce wannan batir ne. Ya zana wata alama, ya ce wannan makunni ne. Yara su kwafa, su haddace, su biya masa kamar waƙa. Yaro ya shekara 3 a babban aji, littafinsa cike da zane, amma bai taɓa riƙe waya biyu ya haɗa ya ga ƙwai ya kama ba.

Ina tambayar teloli da ke wurin nan: akwai wanda ya koyi ɗinki ba tare da ya taka keke ba? Ina tambayar mahauta: akwai wanda ya iya fiɗa da labari kawai, bai riƙe wuƙa ba? To, don me za a ce lantarki kaɗai ne za a koya da baki? Gani ya kori ji, taɓawa kuwa ta fi su duka.

Abin ba a nan ya tsaya ba. Hukumar jarrabawa ta WAEC, wadda aka kafa a 1952, tana da takarda ta musamman a fiziks wadda a ke yi da hannu. A kan ba yaro tambaya 3, ya zaɓi 2, ya yi su cikin awa 2 da minti 45, maki 50 ne a kai. Ɗaya daga cikin ukun nan bisa ga al'ada ta lantarki ce. Za a ajiye masa batir da wayoyi da ma'aunai masu allura, a ce haɗa, auna, rubuta. Hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, ita ma tana da irin wannan gwaji. Yaron da ranar jarrabawa ce ranar da ya fara ganin kayan nan, hannunsa rawa zai yi, ya guje wa tambayar, ko ya yi kame-kame. Ɗan mai hali kuwa da ke makarantar kuɗi a Kaduna ya haɗa su ya kwance har ya gaji. Takarda ɗaya za a ba su, awo ɗaya za a yi musu. In sakamako ya fito sai a ce ɗan talaka ba shi da ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa yana da ita, jama'a, kayan aiki ne ba a ba shi ba. Kuma duk wanda ya faɗi fiziks, ƙofar karatun injiniya da ta likita ta rufe masa ke nan.

WAI SHIN MECE CE WUTAR NAN?

Bari in kwatanta muku da abin da kuka sani. Ku dubi mai noman rani da injin ban-ruwa. Akwai ƙarfin da injin ke tura ruwa da shi. Akwai yawan ruwan da ke gudu cikin tiyo. Akwai kuma faɗin tiyon ko ƙuncinsa, wanda ke barin ruwa ya wuce da sauƙi ko ya tauye shi.

Haka lantarki ya ke. Ƙarfin turi shi a ke aunawa da bolt. Batir ɗin tocila bolt 1.5 ne, watau ɗaya da rabi. Na mota bolt 12. Wutar da ke shiga gidaje a Nijeriya wajen bolt 230 ce. Yawan wutar da ke gudu cikin waya shi a ke aunawa da amfiya. Turjiyar da abu ke yi wa wutar kuwa, watau ƙuncin tiyo, da om a ke auna ta. Wani Bajamushe mai suna Om, malamin makaranta ne kamar ni, shi ya bayyana dokar da ta haɗa ukun nan a 1827. Ya ce raba ƙarfin turi da turjiya, abin da ka samu shi ne gudun wuta. In kana da batir biyu, bolt 3, ka ba su hanya mai turjiya om 10, wutar da za ta gudu amfiya 0.3 ce. Ƙara turi, gudu ya ƙaru. Ƙara turjiya, gudu ya ragu. Duk wanda ya iya raba riba tsakanin abokan jari ya iya wannan lissafi.

Abu ɗaya ya saura. Wutar nan ba ta tafiya sai ta sami hanyar dawowa. Tilas ta fita daga kan batir, ta bi waya, ta ratsa ƙwai, ta komo gindin batir. Wannan zagaye shi a ke kira kewaye. In an yanke shi ko ta ina, kome ya tsaya. Makunni ba wani abu ba ne illa gada da a ke ɗagawa a kuma saukarwa.

GWAJI BIYAR DA KAYAN KASUWARMU

Yanzu ku saurara ku ji ko akwai abin da sai an aika Ingila a sayo.

Na ɗaya, batir na lemun tsami. A sami lemun tsami 4, da guntayen kwanon rufi mai farin shafe na tutiya, da guntayen jan ƙarfe irin na cikin waya. A soka ko wane lemo da ƙarfen nan biyu, kada su taɓa juna, sa'an nan a haɗa jan ƙarfen wannan da kwanon wancan. Ko wane lemo yana ba da kusan bolt 1. In an haɗa su huɗu, ɗan jan ƙwan nan da ke jikin tsohuwar rediyo zai kama, a ga haskensa a cikin duhu. Asalin batir ke nan. Wani mutumin Italiya mai suna Bolta ya fara yin sa a 1800, da faifayen ƙarfe iri biyu da ƙyalle jiƙe da ruwan gishiri a tsakani. Sunansa ne a ke faɗi kullum in an ce bolt.

Na biyu, jerin gwano da haɗin rassa. A ba yara batir 2 da ƙwan tocila 2. Su haɗa ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya a hanya guda, kamar jerin gwano. Za su ga haske ya dushe, in kuma aka cire ɗaya, ɗayan ma ya mutu. Sa'an nan su sake, su ba ko wane ƙwai reshensa dabam daga batir. Za su ga ko wanne ya yi haske sosai, in an cire ɗaya, ɗayan bai kula ba. Daga nan yaro ya gane dalilin da ya sa a ke haɗa wutar gida da rassa, har ka kashe fitilar zaure ba ka kashe ta ɗakin uwargida ba. Mai sola kuma ya kasa kunne: batir biyu masu bolt 12 in an jera su jerin gwano sun zama bolt 24, in an haɗa su rassa suna nan bolt 12, sai dai su fi daɗewa. Wanda bai san wannan ba zai ƙona na'urar da ya tara kuɗin shekara ya saya.

Na uku, bakin fensir. A tsaga fensir a fito da baƙin abin da ke ciki, a sa shi cikin kewaye. A riƙe waya ɗaya a ƙarshensa, ɗayar a riƙa jan ta a kansa. In ta matso kusa haske ya ƙaru, in ta yi nisa ya ragu. Yaro ya ga dokar Om da idonsa ke nan: tsawon hanya ƙarin turjiya ne. Shi ya sa wanda ya jawo siririyar waya daga nesa ya kan ga fitilarsa tana lumshe ido.

Na huɗu, ruwa da gishiri. A yanke kewaye, a tsoma bakin wayoyin biyu cikin kofin ruwa, da ɗan ƙwan nan na rediyo a hanya. A riƙa zuba gishiri kaɗan kaɗan ana motsawa. Haske zai riƙa ƙaruwa. To, jikin ɗan Adam cike ya ke da ruwa mai gishiri, gumi ma haka. Yarinyar da ta ga wannan ba sai an yi mata faɗa ba, ba za ta taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu ba, ba za ta shanya wanki a kan wayar wuta ba.

Na biyar, ƙusa mai maganaɗisu. A naɗe babbar ƙusa da waya mai riga, naɗi da yawa, a haɗa da batir na ɗan lokaci. Sai ƙusa ta zama mayen ƙarfe, ta ɗauki allurai. A cire batir, allurai su zube. Wannan shi ne sirrin fanka, da famfon tura ruwa, da lasifikar da na ke muku magana da ita yanzu.

Ku lissafa kayan: lemo, kwano, waya, ƙusa, fensir, gishiri, batir, ƙwan tocila. Wane ne babu a kasuwar nan? In an ƙara da ɗan ma'aunin nan da masu gyaran waya ke aiki da shi, wanda ke nuna bolt da amfiya da om, yaro zai iya aunawa ya rubuta lamba kamar yadda za a neme shi ranar jarrabawa.

ƊAN MAƘERI

Kada wani ya ce wannan ilmi na 'ya'yan manya ne. Mutumin da ya buɗe wa duniya ƙofar janareta ɗan maƙeri ne a Ingila, sunansa Maikel Farade. An haife shi a 1791, karatunsa na makaranta bai taka kara ya karya ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai. Yana ɗinki yana karantawa, yana gwada abin da ya karanta da hannunsa. A 1831 ya gano cewa in ka motsa maganaɗisu cikin naɗin waya, wuta za ta gudu cikin wayar. Yaranmu za su iya maimaita wannan da maganaɗisun tsohuwar lasifika da naɗin waya da ma'auni, ko da ɗan injin fitilar keke wanda taya ke juyawa.

Abin da ɗan maƙerin nan ya gano shi ke aiki a madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968. Shi ke aiki a Shiroro, a kan kogin Kaduna, cikin Jihar Neja maƙwabciyarmu, wadda ta fara aiki a 1990 da ƙarfin megawat 600, ko wane megawat kuwa wat miliyan 1 ne. Ruwa ke juya manyan fukafukai, su kuma su juya maganaɗisu cikin naɗin waya. Girma ne ya bambanta, dabara ɗaya ce. Ina so ku tambayi kanku, in ana neman injiniyoyi a irin waɗannan wurare, me zai hana a sami 'yan Kuyello da Randagi da Dogon Dawa da Kakangi a cikinsu?

KASHEDI

Amma fa ina jan kunne, ina kuma so iyaye mata su riƙe wannan. Duk gwajin da na ambata da batir ɗin tocila a ke yin sa. Kada yaro ya kuskura ya gwada kome da wutar gida, ko ta janareta, ko ta na'urar da ke juya wutar sola ta koma irin ta gida. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba, in ta ratsa ƙirji, tana iya tsai da zuciya. Kada a huda batir ɗin wayar hannu, yana iya kamawa da wuta. Kada a haɗa kawunan batir ɗin mota da guntun ƙarfe don a ga tartsatsi.

Ku kuma masu rumfa, ga naku lissafin. Wat shi ne bolt sau amfiya. Dutsen guga mai wat 1,000 a kan bolt 230 yana jan amfiya 4 da 'yan kai. In ka ɗora irinsa uku a kan waya ɗaya, ka kai amfiya 13, iyakar abin da fis ɗin filogi mai ƙafa uku ke ɗauka ke nan. In wayar siririya ce sai ta yi zafi, rigarta ta narke, ga atamfa, ga katifa, ga galan ɗin mai a kusa. Fis mai gadi ne, an yi shi don ya mutu a madadin rumfarka. Wanda fis ya ƙone masa ya ɗaura kakkauran waya a wurin, ya kori mai gadi ya bar ƙofa buɗe. Malam yana iya nuna wa yara wannan da siririn yanki na takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwali: a haɗa ta da batir, wurin da ya fi siranta ya yi zafi ya tsinke. Yaro ɗaya da ya ga haka yana iya tsare layin rumfuna guda. Rigakafi ya fi magani.

MAKARANTA CIKIN AKWATI

Ba na mance da halin da ƙasarmu ta shiga ba. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya zama maɓoyar 'yan bindiga shekara da shekaru. Hanyar Kaduna ta zama abin tsoro. A watan Maris na 2021 aka shiga makarantar firamare ta ƙauyen Rama aka tafi da malamai 3. Makarantu da dama sun rufe, iyalai sun yi gudun hijira, yara sun yi asarar shekarun da ba za su dawo ba. A watan Nuwamba na 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin nan bayan ta daɗe a rufe. Muna roƙon Allah ya zaunar da mu lafiya.

Wannan hali shi ya sa na ke cewa a fara da abin da ke hannu. Ɗakin gwaji na siminti, in makaranta ta tashi, a can za a bar shi. Amma kayan da na lissafa muku akwati ɗaya ya ishe su. Ba su bukatar wutar gwamnati. In an kwashe yara daga ƙauye an kawo su gari, sai a ɗora akwatin a bayan babur ya biyo su. In aji ba rufi, a buɗe shi a gindin mangwaro. Aji mai yara 50, in an raba su biyar biyar, kaya kashi 10 a ke bukata, ko wane kashi kuwa, in ban da ma'auni, bai kai kuɗin buhun masara ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kuma ku tuna, saurayin da ya fito makaranta hannu rabbana, ba takarda ba sana'a, shi ne wanda mugun aboki ke yi wa raɗa. Wanda kuwa ya iya ɗora allon sola, ya iya gyaran famfo, ya iya haɗa wutar ɗaki ba tare da ya kashe kowa ba, yana da abin da zai tashi dominsa da safe.

ABIN DA ZA MU YI

Na farko, yau da dare kowa ya tambayi ɗansa ko 'yarsa da ke babban aji: ka taɓa haɗa kewaye da hannunka? In ya ce a'a, a kai maganar taron iyaye da malamai, a yi ta cikin ladabi. Malamai ba abokan gaba ba ne, da yawansu su ma ba a ba su kome ba sai alli.

Na biyu, ko wace sana'a ta kawo nata. Masu gyaran rediyo da waya su tara matattun kaya da ke cin ƙura a shago, akwai wayoyi da ƙwayaye da maganaɗisu a ciki. Kafintoci su ba da guntayen katako a kafa ƙusoshi a kai. Masu tireda su ba da batir. Masu lemo su ba da lemo. Wanda ya ƙware a aikin sola ko walda ya ba makaranta yamma ɗaya a wata, ya zauna kusa da malam ya nuna wa yara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, kada a ware 'yan mata a ce su tsaya su rubuta, maza su haɗa. Ko wace yarinya ta riƙe waya. Su ne ke tare da dutsen guga da tukunyar lantarki da ƙananan yara a gida.

Na huɗu, gudummawarmu ba ta sauke wa hukuma nauyi ba. Ma'aunai na ainihi da a ke jarrabawa da su, da malamin fiziks mai horo wanda a ke biya a kan lokaci, da tsaron da zai sa ya yarda ya zauna, waɗannan hakkinmu ne, don da harajinmu da kuɗin tikitin kasuwarmu a ke tafiyar da mulki. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, ko daga wace jam'iyya ya fito, in ya gama jawabi ku ce masa ya zo ku taka zuwa makaranta, ya buɗe kabad ɗin kayan gwaji ku leƙa tare. Kada ku yarda da an sayo, ku ce a nuna muku a hannun yara.

Iyayena da 'yan'uwana, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaran da ke aji yau, in muka ce sai an gina babban ɗaki tukuna, za su gama su fita ba su ga ƙwai ya kama ba. Akwatin farko mu haɗa shi kafin kasuwa mai zuwa, Sarkin Kasuwa ya nuna mana rumfar da za a riƙa tara kayan.